Dutsen Wuya: Ado, Gado ko Laya?

Aikina koyar da masu shirin baftisma ne a Zongon Lome, ƙasar Togo, kuma shekara ba ta wucewa ba a yi mini tambaya a kan duwatsun ado ba. Mata ne suka fi yin ta. Wata ta ce, "Malam, in zan yi baftisma sai na tsinke jigidata?" Wata kuwa ta nuna tsakiyar da ke wuyanta, ta ce ta kakarta ce, ko Kirista tana iya sa ta? Tambayar kamar ƙarama ce, amma na ga ta hana mutum barci, na kuma ga ta shiga tsakanin 'ya da uwa.

Mu mutanen Zongo ba baƙin duwatsu ba ne. Tun zamanin Jamusawa, waɗanda suka mai da Lome babban birninsu a 1897, fataken Hausawa suke sauka a nan, duwatsu kuwa suna cikin hajarsu. Tsakiya daga Kambay ta ƙasar Indiya take fitowa, murjani daga Bahar Rum, na gilashi masu zane daga Venis ta Italiya. A kusa da mu kuma akwai na Masaga a Bida, da lantana da ake gogewa a Ilori, da na mutanen Krobo a Gana, waɗanda suke daka kwalabe su zama gari, su zuba a 'yan ramukan yumɓu, su gasa. A 1977, sa'ad da aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar gari aka komar da shi arewa, wajen Agoe, uwata ta ce ɗaki ba ya ɗaukuwa, amma kowace mace ta ƙulle duwatsunta a bakin zane ta tafi da su.

Dutse ba shi da baki, amma yana magana, kuma mai sa shi da masu kallonsa ne suke ba shi abin faɗa. A ganina maganarsa iri uku ce: ado, gado, da laya. Wanda bai rarrabe su ba, ko dai ya hana abin da Allah bai hana ba, ko ya ƙyale abin da zai cuci rai.

Na fari, ado. Littafi Mai Tsarki bai ƙi ado ba. Baran Ibrahim ya ba Rifkatu zobe da mundaye biyu na zinariya (Farawa 24:22), Ubangiji kansa kuma ya kwatanta ƙaunarsa ga Urushalima da ango mai yi wa amarya ado da sarƙa da 'yan kunne (Ezekiyel 16:11-12). Ku lura da wannan: kayan adon Isra'ilawa ne aka narkar aka yi ɗan maraƙi (Fitowa 32), irin kayan nan ne kuma maza da mata suka kawo da yardar rai domin aikin alfarwa ta sujada (Fitowa 35:22). Zinariyar ɗaya ce, zuciya ce ta bambanta. Gargaɗin manzanni a 1 Bitrus 3:3-4 da 1 Timoti 2:9-10 shi ne kada darajar mace ta rataya ga abin da ke wuyanta. Yarinyar da ta je Asigame, babbar kasuwarmu, ta zaɓi launin da ranta yake so, ta shirya da hannunta, ba ta yi laifi ba. Amma wadda ta ci bashi domin ta fi kishiyar biki ƙyalli, yaranta kuwa an kore su saboda kuɗin makaranta, kwalliyarta ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Na biyu, gado. Maƙwabtanmu Ewe suna kiran duwatsu dzonu. Sukan ɗaura wa jariri a hannu da kugu, in zaren ya matse uwa ta san ɗanta yana ƙiba. A wurinmu kuwa murjani da tsakiya sukan bi lefe, uwa ta bar wa 'ya, 'ya ta bar wa jika. Su ne asusun mace: ranar da ciwo ya zo, ko jari ya karye, su ake kwancewa a kai kasuwa. Na san wata baiwar Allah da wani mai wa'azi ya sa ta jefa murjanin marigayiya uwarta a wuta, wai duk tsohon dutse gidan aljanu ne. Danginta, waɗanda ba Kirista ba ne, suka ce ashe addinin nan raina iyaye yake koyarwa. Ƙanwarta da take biyo ta sujada ta daina zuwa tun daga ranar. Ina ribar Ikkilisiya a nan? Ai umarnin girmama uwa da uba yana nan a Fitowa 20:12, bai kuma ce sai iyaye masu bi ba.

Na uku, laya. A nan ba zan sassauta ba. A wannan ƙasa akwai duwatsun da alkawari ne. Duk wanda ya je Glidji, kusa da Aneho, lokacin bikin Epe-Ekpe wajen watan Satumba, ya ga masu bautar vodu da farin ƙyalle da duwatsu jere a wuya da damtse, kowane jeri yana shaida wanda mai shi yake bauta wa. A kasuwar Akodesewa ana sayar da irin waɗanda aka yi wa tsafi. Mu ma Hausawa kada mu yi dariya, gama muna da guru da kambu, da jigidar da aka kai wa boka domin mallakar miji ko tsaron ciki. Irin wannan ba ya shiga ruwan baftisma tare da mutum. Yakubu ya binne gumakan gidansa tare da 'yan kunnen da ke haɗe da su a gindin itace a Shekem (Farawa 35:4).

To, yaya za a gane? Ido ba ya ganewa, gama na tsafi da na kasuwa kamanninsu ɗaya. Ni tambaya guda nake yi: "In zaren nan ya tsinke yau da dare, me zai same ki?" In ta ce za ta tsince su ta sake shiryawa, ado ne. In ta ce za ta yi kuka domin na uwarta ne, gado ne. In kuwa ta yi shiru, ido ya raina fata, ta ce ciwo zai dawo ko ɗanta zai mutu, to, tsoro ne a ɗaure a kugunta. Ko a nan ma ba na sa almakashi. Ina koya mata, muna addu'a, har ranar da za ta kwance da hannunta. Abin da aka fizge da ƙarfi, a ɓoye ake komar da shi.

Wannan tambaya ta shafe mu mu ma. Maƙwabcina Musulmi yana jan carbinsa mai ƙwaya 99, ni ina jan Rosari mai ƙwaya 59, dukanmu ƙidayar addu'a muke yi. Amma sau nawa na ga Rosari a rataye a kan babur ɗin zemijan, ko a madubin mota, mai shi bai taɓa durƙusawa da shi ba, ya dai gaskata zai kare shi daga hatsari? Wannan ya mai da shi laya, ko da gicciye ne a ƙarshensa.

Abu ɗaya ya rage. Muna zaune cikin mutane, su ma suna karanta abin da muka sa. Jerin da a Kano kwalliya ce kawai, a unguwar Be ta Lome ana iya ɗaukarsa alamar vodu. In 'yar'uwa ta san nata zai sa sabon mai bi tuntuɓe, ƙauna ta isa ta sa ta canza shirinsa, ko ta ajiye shi a gida, bisa ga koyarwar Bulus a 1 Korintiyawa 8.

Saboda haka, 'yan'uwana masu koyarwa, mu riƙa tambaya kafin mu yanke hukunci. Ku kuma iyayenmu mata da ƙannenmu, ku yi adonku da godiya, ku riƙe gadonku da mutunci, abin tsoro kuwa ku kawo shi gaban Yesu, wanda ya fi ƙarfinsa. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.