Alkawarin da Bai San Hanyar Afala Ba

Ranar da kwamfutata ta mutu ina gidanmu na Afala, cikin watan Afrilu na 2024, ƴan kwanaki bayan ƙaramar salla. Da safe na kai ta caji wurin mai gurup, inda duk unguwa ke kai wayoyinsu. Da la'asar na karɓo ta, na zauna a zaure, na danna maɓalli. Shiru. Na sake dannawa, na riƙe har yatsana ya gaji. Ko ɗan hasken nan na gefe bai kama ba. Kakata tana bisa tabarma tana kallona, ta ce, "Mi yas same ta? Hushi ta yi?" Na yi dariya don kada ta ga abin da ke cikina. A cikin abar nan da ta ƙi motsi akwai muryarta ta awa goma sha ɗaya, da ta wasu tsofaffi huɗu na garinmu, kuma babu kwafin ko minti ɗaya a wani wuri.

Bari in koma baya, don ku san yadda na shigo da kaina cikin wannan hali.

Ina karatun kimiyyar harshe a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Aikin da na ɗauka a kan Adaranci ne, harshen da na sha a nono: yadda muke ninka baƙi a wurare kamar "da yaz zo" da "da tat tahi", inda Bakano zai ce "da ya zo", "da ta tafi". Wannan aiki ba a yin sa da kunne kaɗai. Sai ka naɗi murya, ka zuba ta cikin Praat, manhajar nan ta kyauta da Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira, ka auna tsawon kowane sauti. Waya ba ta ɗaukar wannan. Dole kwamfuta, ko "ordi" kamar yadda muke ce mata a makaranta.

To kun san yadda kasuwar kwamfuta take a Yamai. Mafi yawa na hannu ne, an sha aiki da su a Turai kafin su iso mu. Abokin ɗakina ya sayi wata, mai shago ya rantse masa baturinta na awa huɗu ne. Kafin wata biyu, in aka ɗauke wuta ita ma ta ɗauke. Sai na ce ni kam ba dillalin da zai ci kuɗina. Daga hannun maƙerin zan saya, sabuwa dal cikin kwalinta, da takardar garanti.

Na shiga shafin kamfanin. Na zaɓi wadda nake so, na zo wurin da ake zaɓen ƙasar da za a kai kaya, na gangara jerin sunayen har ƙasa, na hauro. Babu Nijar. Da ina da wayo, nan zan tsaya in yi tunani. Wanda bai san hanyar kawo maka kaya ba, ina zai san hanyar zuwa ɗauka in sun lalace? Amma ɗoki ya rufe mini ido. Ina da taubashi da ke karatu a Faransa, sai na ce ya saya da sunansa da adireshinsa, ya riƙo mini in zai zo hutu.

Yuro 600 ta ci. Tunda kuɗinmu na sefa a ɗaure yake da yuro, kowane yuro ɗaya sefa 655,957, abin ya tashi kusan jika 400. Ku da kuka san gidajenmu kun san nauyin wannan. Na tara abin da ya samu daga burs. Yayana da ke ci-rani a Abijan, kamar dubban Adarawa, ya aiko da rabi. Inna ta sayar da raguna biyu da take kiwo. Farkon Yuli na 2023 taubashina ya sauka da ita a jakarsa. Na buɗe kwalin a gaban abokai, na ɗaga takardar garantin sama kamar wanda ya ci gasar kokawa aka miƙa masa takobi. Wata tara ta yi mini aiki ba ko tari.

Rakodar da nake naɗar murya da ita ta aro ce, katinta ƙarami. Kullum dare sai in juye abin da na naɗa cikin kwamfuta, in goge katin don aikin gobe. Na sha cewa zan sayi kile in ajiye kwafi. Gobe, jibi, har ranar ta zo.

Washegarin mutuwarta na shiga mota zuwa Tawa, inda intanet ya fi ƙarfi. Hankalina a ɗan kwance, ai ina da garanti. Na sami sashen kula da masu saye na kamfanin, muka yi ta rubutu da wata ma'aikaciya cikin Faransanci mai ladabi ƙwarai. Ta nemi lambar na'ura, na ba ta. Ta ce lallai tana cikin garanti. Na ce alhamdu lillahi. Sai ta ce in ba da adireshin da za a zo a ɗauka, amma ya kasance cikin ƙasar da aka saye ta. Na ce ina Nijar. Ta tambaya ko Najeriya nake nufi.

Da muka wuce wannan, ta jera mini sharuɗɗa uku. Na ɗaya, kai na'urar Faransa da dawo da ita a wuyana yake. Na biyu, in bincike ya nuna ƙarfin wuta ne ya ƙona ta, garanti bai shafi wannan ba, sai in biya. Na uku, wanda ya sa gumi ya karyo mini: ba su ɗaukar alhakin abin da ke ciki, suna iya goge ma'ajiyar ko su canza ta, don haka in kwafe kayana kafin in aiko. Na ce ta yaya zan kwafe daga abin da ba ya tashi? Ta ba ni haƙuri. Ta ƙara da cewa in wani mai gyara da ba nasu ba ya taɓa cikinta, garantin ya faɗi.

Ku tuna kuma da lokacin. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 jiragen Faransa sun daina sauka Yamai, iyakarmu da Benin a rufe, kayan da a da ke biyowa ta Kwatano sai sun zagaya. Taubashina kansa bai san ranar da zai sake zuwa ba. Da na lissafa kuɗin aikawa da na dawowa da na duwan, ga watannin jira, ga malamina yana jiran babi na biyu, sai na ga takardar nan da na ɗaga sama ba ta fi ta ƙunshe ƙosai amfani ba.

Wani abokina na lise ya kai ni wurin wani mai gyara kusa da babbar kasuwar Tawa. Shagon bai fi ɗakin kwana ba, gawawwakin kwamfutoci jibge har rufi. Mutumin ya kai shekara arba'in, ya ce a Kano ya koyi aikin. Ya shinshina ramin caji, ya ce, "Gurup ka kai ta ko?" Na ce e. Na yi masa bayanin garanti, cewa in ya buɗe shi ke nan. Ya aje sukundireba, ya dube ni.

"To ɗalibi, zaɓi naka ne. Takarda kaka so, ko abin da ke ciki?"

Na fita waje na tsaya cikin rana. Jika 400, da zufar yayana, da ragunan Inna, duk suna ce mini kada ka bari a buɗe. Amma ɗaya daga cikin tsofaffin nan huɗu, wanda ya ba ni sunayen kayan ginin rijiya da ko babana bai sani ba, ya riga ya kwanta ciwo tun cikin azumi. Kwamfuta ana sake saye. Na koma na ce, "Malam, buɗe."

Ya kwance ƙusoshi, ya ɗaga marfin. Allah ya taimake ni, ma'ajiyar irin wadda ake cirewa ce, ƴar siririya kamar tsinken cingam, ba irin wadda ake liƙewa a jikin allo ba. Ya sa ta cikin wata ƴar kwalfa, ya haɗa da tasa kwamfutar. Sai ga sunayen fayilolina sun jeru. Ya danna ɗaya. Muryar kakata ta cika shagon, tana ba da labarin shekarar da anka yi yunwa. Masu jiran gyaran waya suka yi tsit. Ni kuwa na juya baya, wai ina duba wani abu a bango.

Gyaran ya ɗauki kwana uku. Wani ɗan ƙaramin abu ne a hanyar shigar wuta ya ƙone, ya ciro irinsa daga wata matacciya ya dasa. Jika 15 ya karɓa. Na ce, "Garanti fa?" Ya ce, "Ga ni nan. In ta ƙiya ka dawo. Ina za ni?"

Wannan magana ta zauna mini. A aji mun karanta J. L. Austin, wanda littafinsa na 1962 ya nuna cewa wasu maganganu ba labari suke bayarwa ba, aiki suke yi: alkawari, rantsuwa, ɗaurin aure. Kuma kowanne yana da sharuɗɗan da in babu su bai ɗauru ba. Na haddace wannan don jarrabawa, amma a shagon nan na gane shi. Kamfanin bai yi mini ƙarya ba. Alkawarinsa na gaskiya ne, kuma a Faransa doka ma tana bayansa, don can mai saye yana da shekara biyu na kariya in kaya sun zo da aibi, kuma tun 2021 an tilasta a manna wa kwamfuta makin da ke nuna sauƙin gyaranta. Sai dai duk wannan an gina shi ne a kan mai ɗaukar kaya da zai ƙwanƙwasa ƙofarka, da wuta mai tsayuwa, da kotun da za ka iya zuwa. Alkawarin yana da adireshi, kuma ba ni aka yi wa shi ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ashe garanti ma haka.

Ba ina cewa ku koma hannun duk wani mai shago ba ne. Abokin ɗakina har yau yana cizon yatsa. Ba kuma ina cewa sabuwa ba ta da amfani ba. Abin da nake cewa, kafin ku zuba kuɗin da gida ya tara muku, ku yi tambayar da ban yi ba: ranar da ta mutu, wa zan kai wa, kuma kwana nawa ne tsakanina da shi? In garanti ne, a nuna muku a rubuce cewa yana aiki a Nijar, da sunan wurin da ke gyara. Ku tambayi masu gyara irin wadda suke samun kayanta, don wadda ta yi yawa a gari ita ke da dangin da za a ciro mata kaya. Ku duba ko ana cire ma'ajiyarta da baturinta. Kada ku haɗa ta da gurup ba tare da abin daidaita wuta ba. Sannan, don Allah, ku sayi kile tun yau. Ni yanzu biyu gare ni, ɗaya a jakata, ɗaya cikin kwallar Inna.

Tsohon nan ya rasu da damina. Muryarsa tana nan, minti 94, kuma ɗiyansa sun karɓi kwafi a wayoyinsu.

Da na koma Afala da kwamfutar tana aiki, kakata ta sa na ba ta labarin duka. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Shi wanda yas saida maka, ka san huskatai?" Na ce a'a, kamfani ne, can Turai. Ta kama haɓa. "Kai da anka kai lakkwal! Ko akuya ba ni saye ga wanda ban san ƙohwag gidansu ba."

Na buɗe baki zan kare kaina, sai na fasa. Na jawo rakoda na ce, "Kaka, sake hwaɗi, ban naɗa ba." Akwai ninkin baƙi har biyu a cikin maganar.