Ɗinkin Leɓe Ba Shi Ne Ƙarshen Aiki Ba

A duniya, kusan jariri 1 cikin 700 ana haifarsa da tsagewar leɓe ko ta ganɗa, wato rufin baki. Leɓe da ganɗa suna haɗuwa ne a watanni uku na farkon ciki, galibi tun kafin mace ta tabbatar tana da juna biyu. Don haka ki cire wa ranki zancen baki ko iska, ba laifin uwa ba ne.

Mu a nan Kongolam, bakin iyakar Najeriya da Nijar a ƙasar Daura, da an haifi irin wannan yaro tambayar kowa ita ce: yaushe za a ɗinke? Likitoci kan gyara leɓe daga wata 3 zuwa 6, ganɗa kuma wajen shekara guda. Ƙungiyar Smile Train, wadda aka kafa a 1999, tana ɗaukar nauyin aikin kyauta a asibitocin da take hulɗa da su a Najeriya. Sai dai 'yar'uwa, ɗinki rabin tafiya ne.

A kan 'yar ƙanena na ga haka. An yi mata aiki a Kano, leɓe ya haɗu tsaf, dangi suka yi barka. Da ta shiga makaranta sai muka lura tana magana ta hanci, ba ta jin kira sosai, yara na kwaikwayonta, har ta daina ɗaga hannu a aji. A katin asibiti an rubuta an sallame ta, amma a gida kullum tana ƙuryar ɗaki.

Irin wannan giɓi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta so cikewa da tsarin da ta amince da shi a 2001, mai suna ICF, ta kuma fitar da na yara da matasa a 2007. Tsarin bai tsaya kan sunan cuta ba, yana auna yadda mutum ke rayuwa da ita. Ke ma za ki iya auna yaronki da tambayoyi huɗu.

Na farko, jiki: yana iya tsotso? Nono na fitowa ta hanci? Kunne fa? Masu tsagewar ganɗa ruwa kan taru musu a cikin kunne ya rage ji. Na biyu, abin da yake iya yi: ci, sha, furta kalmomi. Na uku, shiga jama'a: wasan dandali, makarantar allo, biki. Na huɗu, abin da ke kewaye da shi: kuɗin mota zuwa Katsina ko Kano, goyon bayan maigida, bakin maƙwabta, halin malami.

Da muka bi su ɗaya bayan ɗaya, aka duba kunnenta, aka koya mana atisayen magana, babanta ya je ya gana da malaminta aka dawo da ita benci na gaba. Yanzu ita ke jan baƙi a Islamiyya.

Uwargida, ranar komawa asibiti ki riƙe tambayoyin nan huɗu, ki faɗa wa likita abin da kike gani a gida, don ke kike kwana da yaron. In jariri ne, ki zaunar da shi lokacin shayarwa. In tsotso ya gagara, ki tatsa ki ba shi da cokali mai tsabta. Kada ki ɓoye shi a ɗaki. Allah Ya raya mana zuriya, amin.