Wa Ya Kaɗa? Tafiya Daga Hunkuyi Zuwa Ikara

Motar da na shiga a Sabon Garin Zariya ta bi ta Basawa ta miƙa Hunkuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan. Hunturu ne, hazo ya rufe sama, gonakin rake sun cika hagu da dama, wasu an sare, wasu na jiran adda. Direba ya saki waƙar wani fitaccen mawaƙin Kano, kusan rabin motar na bi. Na tambayi saurayin da ke gefena ko ya san wanda ya yi kiɗan, ya faɗi sunan mawaƙin. Na ce masa wancan rerawa ya yi, ina nufin wanda ya zauna gaban fiyano ya shirya gangar da sarewar. Ya ɗan yi jim, ya ce wannan kam bai taɓa kawo ta a ransa ba.

Mutanen da ba a kawowa a rai ɗin nan na fito nema: masu kiɗa da 'yan amshi, waɗanda ake ɗauka su yi wa wani aiki a situdiyo, a sallame su, waƙa ta fita da sunan mai ita. Na zaɓi wannan yanki na ƙasar Zazzau saboda yana tsakanin Zariya da Kano, kuma samarinsa na shiga wannan sana'a, wasu a gida, wasu su ƙetara birni.

A wani ƙauye kusa da Kudan aka kai ni wurin wani dattijo makaɗin kalangu. Na same shi a zaure yana gyara tsarkiya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, sannu da aiki." Ya ce, "Yauwa ɗana, matso kusa, kunnen ya fara nauyi." Gado ya yi. Mahaifinsa ya yi wa mahauta kiɗa, shi kuma ya fara da kuntuku yana yaro, ya shekara da shekaru yana riƙe wa manya ƙasa kafin a bar shi ya rataya kalangu. Daga baya ya bi wani mawaƙi, suka zaga bukukuwa da kasuwanni har cikin Nijar.

Na daɗe ina sauraronsa kan yadda ake rabon samu a wancan zamani. Duk abin da aka samu a wurin wasa, kuɗi ko riga ko dabba, hannun mawaƙi yake shiga, shi ne ubangida. In an koma masauki sai ya raba, babban makaɗi ya fi ƙarami, 'yan amshi da sanƙira kowa da nasa. Rabon bai cika yin daidai ba, in ji shi, amma akwai abin da ke rufe wannan: in matarka ta haihu ubangida ne da ragon suna, in ka kwanta ciwo shi ne da magani. Inda lissafi ya ɓace masa shi ne ranar da aka fara ɗaukar su a na'ura. An kai su Kaduna, an jera su gaban makirufo, sun kaɗa, an ba su na mota. Shekaru bayan haka yana jin hannunsa a rediyo da kaset ɗin 'yan tireda, ba wanda ya san nasa ne.

Ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Tun da gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, kuma kamfanoni irin su EMI suka shiga buga faifan mawaƙan Hausa, sunan mawaƙi ake rubutawa, sai a ƙara da cewa shi da jama'arsa. Duk wanda ya saurari Alhaji Mamman Shata ya san wani babban kaso na daɗin waƙarsa yana bakin kalangu da amshi. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, kuma ya cancanta, ba mai ja. Amma tun rasuwarsa a 1999 zuwa yau, mutum nawa ne cikin masoyansa za su iya lissafo makaɗansa? Haka abin yake ga masu kotson Musa Ɗanƙwairo da matan da suka riƙa kaɗa wa Barmani Choge ƙwarya. Ni wannan rashi yana damuna, domin tarihin kiɗanmu rabinsa kawai muke rubutawa.

Daga Kudan na fito babban titin Zariya zuwa Kano, na sauka Tashar Yari, na shiga motar Makarfi. Garin rake ne na sosai. Motoci na lodi, ƙamshin mazarƙwaila na tashi, ga kuma ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris sun cika gari. Situdiyon da aka nuna mini shago ne guda, an raba shi biyu da katako, an manna soso a bango don sauti kada ya yi amsa-kuwwa. Kwamfuta ɗaya, fiyano ƙirar Yamaha, lasifika biyu, makirufo, sai batirin sola a lungu, domin wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, ƙarar janareta kuwa shiga cikin ɗauka take yi.

Wannan fiyano ita ce ta sauya sana'ar baki ɗaya. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, finafinan Hausa suka bunƙasa, waƙa ta zama gishirinsu. A ƙarshen shekarun 1990 situdiyoyin Kano, irin su na Iyan-Tama, suka rungumi fiyanon Yamaha samfurin PSR, wadda ke ɗauke da muryoyin kayan kiɗa iri-iri a cikinta. Da fim ɗin Sangaya ya fito waƙarsa ta karaɗe Arewa, sai kowa ya gane cewa yaro ɗaya mai kunne zai iya yin aikin da a da sai an tara makaɗa biyar. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa kan wannan sauyi. Daga nan aka samu sabon ma'aikaci, wanda 'yan harkar ke kira mai kiɗa, aka kuma samu mawaƙan da ke rerawa jarumai su hau kai a fim.

Mai kiɗan Makarfi matashi ne, bai gaji kiɗa ba, ɗan manomin rake ne. Na zauna na ga yadda yake aiki, kuma tun daga nan na ƙara ganin girman sana'ar. Wani mawaƙi ya shigo da waƙar biki, amarya da ango da iyayensu duk a rubuce a takarda. Ba shi da komai sai kari a baka. Ya rera baiti ɗaya, sau biyu. Mai kiɗa ya sunkuyar da kai yana laluben fiyano har ya gano inda muryar ta zauna, ya ce masa ya ɗan sauko, don in ya tafi a haka ba zai kai ƙarshen baiti ba sai ya shaƙe. Sannan ya fara gini. Ya ɗora ganga, ya saurara, ya cire, ya sa wata mai nauyi. Ya kawo kalangu, ya jera shi yadda zai riƙa cike gurbin da mawaƙi ke numfashi. Ya sa sarewa a buɗewa. Wani wuri da baitin ya yi tsawo ya karya kari, shi ne ya ce a cire kalma biyu, aka cire, waƙa ta zauna. Da aka zo amshi aka kira wata yarinya da yayanta ya rako, ta rera layi ɗaya sau uku, aka jera muryoyin suka zama kamar mata uku ne. Aka sallame ta, ta tafi.

Wanda ya ga wannan ba zai ce mai kiɗa ɗan danna maɓalli ba ne. Shi ya zaɓi gangar, shi ya gyara karin, shi ya tace muryar a manhajar FL Studio har ta yi santsi. Rabin waƙar nasa ne. Amma biyansa sau ɗaya ne, a ranar, wani lokaci ma rabi, a ce sauran sai an dawo daga biki. In waƙa ta karɓu, mawaƙi ne za a gayyata, shi za a yi wa liƙi, shi zai ɗora ta a YouTube da Audiomack. Da na tambaye shi yadda yake ji, murmushi ya yi ya ce, "Yallaɓai, ai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Ladan da ya fi samu shi ne mawaƙi ya ambaci sunansa a farkon waƙa ko ƙarshenta. Wannan ambato ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu, shi ne tallarsu, da shi wani mawaƙin ke jin kiɗa ya ce a kai shi wurin wanda ya yi.

Aikin kuma da lokacinsa. Bayan kaka, in an sayar da amfanin gona, bukukuwa na yawa, situdiyo ba ya rufuwa sai dare ya raba. Lokacin siyasa kasuwa ta fi ta kowane lokaci, don kowane ɗan takarar kansila na son tasa waƙar. Akwai sha'irai masu bege, akwai makarantun Islamiyya masu waƙar sauka, akwai masu tallar magani da taki. Da damina kuwa sai ya rufe shago da safe ya tafi gona. Ya ce wanda ke son ya ci abinci da wannan sana'a dole ya iya yi wa kowa: ya san kiɗan mandiri, ya san na nanaye, ya san na asharalle, kuma ya iya haƙuri da mawaƙin da bai iya ba amma yana ganin ya iya.

Wani abu da ya faranta mini rai shi ne, ya ce kunnen mutane ya fara gajiya da kalangun fiyano. Na cikin na'ura ba ya magana, sautinsa ɗaya ne kullum, alhali na gaske matse tsarkiya ake yi a hammata ya hau ya sauka kamar harshe. Saboda haka in mawaƙi na da hali, sai a ɗauko makaɗi na gaske a sa masa makirufo. Ga ƙofa ta buɗe wa 'ya'yan makaɗan gado, in sun koyi abin da situdiyo ke buƙata: bin ma'aunin na'ura ba tare da gudu ko ja da baya ba, da maimaita abu ɗaya sau goma ba gunaguni.

Kukan nan ba namu ba ne mu kaɗai. A birnin Detroit na Amurka, makaɗan kamfanin Motown da ake kira Funk Brothers sun kaɗa a waƙoƙin da suka zaga duniya cikin shekarun 1960, amma ba a fara rubuta sunayensu a jikin faifai ba sai a kundin Marvin Gaye na 1971. Sai a 2002 aka yi fim kan tarihinsu, bayan wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. A nan gida, Tony Allen, wanda ya riƙe wa mawaƙi Fela ganga, ya bar ƙungiyarsa a ƙarshen shekarun 1970, kuma batun kuɗi na cikin dalilan. Bambancin shi ne a can Amurka makaɗa na da ƙungiyoyin da ke yanke mafi ƙarancin ladan zama ɗaya a situdiyo, a rubuce. Mu a nan ciniki ne na baka, kunya kuma ta hana mutum ya nemi haƙƙinsa.

Ikara na isa da yamma. Garin tumatir ne, har da masana'antar sarrafa shi, kuma kwanduna sun fara fitowa daga fadamu. A nan na gamu da wani matashi da ya yi zaman koyo a wani situdiyo da ke titin gidan Zoo a Kano, inda harkar ta fi cika. Ya ce watannin farko shara ya yi da sayo abinci, yana kwana a situdiyo, sai tsakar dare in maigida ya tashi yake samun taɓa fiyano. Haka kowa ke koyo, ba makaranta, ba takarda. Abin da ya fi ci masa rai ba wahalar ba ce, maganar gida ce. Kawunsa ya ce ɗansu ba zai zama maroƙi ba, kuma gidan da ya fara neman aure an mayar masa da kayansa da aka ji sana'arsa. Wannan kallo tsoho ne a ƙasar Hausa, kuma a ganina zalunci ne ga mutumin da ke zaune a shagonsa yana aiki da kunnensa da hannunsa, bai tare kowa a hanya ba.

Na tambaye shi ko ya san dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, wadda ta tanadi haƙƙi ga wanda ya kaɗa ko ya rera, ba ga mai waƙa kaɗai ba. Ya ji labarinta, ya ce, amma doka ba ta aiki sai da shaida. Shi ya sa ya sayi littafi. Ya ɗauko ya nuna mini: kowace waƙa da ya yi wa kiɗa, da ranar, da sunan mawaƙi, da abin da aka biya, da abin da ya rage, mawaƙi kuma ya sa hannu. Wasu na jin haushi, su ce bai yarda da su ba ne. Wasu sun daina zuwa. Waɗanda suka san aikinsa sun ci gaba da zuwa.

Muna cikin magana wani mawaƙi ya shigo da aikin bikin da za a yi a Paki. Mai kiɗa ya gindaya masa sharaɗi biyu: rabin kuɗi kafin a kunna kwamfuta, sannan in za a ɗora waƙar a intanet a rubuta sunansa da na mai amshi a ƙarƙashinta. Mawaƙin ya zaro kuɗi ya ƙirga nan take. Batun suna kuwa ya ce shi ba ya ɗorawa da kansa, wani yaro ne ke yi masa. Mai kiɗa ya ce a kira yaron a waya yanzu. Aka kira, aka faɗa masa yadda za a rubuta, harafi bayan harafi, sannan aka buɗe littafi mawaƙin ya sa hannu. Na bar su suna neman inda muryarsa za ta zauna, na nufi tasha don in samu motar Kwanar Ɗangora kafin magariba.