Ƴar Buhu: yadda mussar gidanmu ta daina tsoron mutane

Yau da labarin mussa muka zo muku, wato kyanwa, ko mage kamar yadda wasu ke cewa. Mun san wani zai ce, duk abubuwan da ke damun garin nan a rasa na magana sai kyanwa? To a yi haƙuri a ji, don hatsin shekara ne ya kai mu ga wannan zance.

Kowa ya san yadda noma yake a ƙasar Muniyo. Ruwa ba shi da yawa, rairayi na cin gona, ɗan abin da Allah ya ba mutum sai ya riƙe shi da hannu biyu. Bara bayan girbi mun sussuke wani ɓangare na hatsinmu, muka zuba a buhu muka jera a ɗakin ajiya cikin gida. Ba a yi wata guda ba uwargida ta ɗaga buhun ƙasa ta tarar an huda gindinsa, hatsi ya zube ya gauraye da kashin ɓera. Da dare kuwa sai ka ce ana biki a ɗakin. Wani maƙwabci ya ce a sayo maganin ɓera a kasuwa a barbaɗa a huta. Inna, mahaifiyarmu, ta ce ba a gidan da take ba. Akwai yarinya mai rarrafe, duk abin da ta tsinta baki take kai shi, ga kaji, ga ƴan awaki. Ta ce a nemo mussa.

Wani surukinmu ne ya kawo ta daga wani ƙauye wajen Gidigir, cikin buhu, ɗaure a bayan moto. Haka aka saba yi, wai don kada ta ga hanya ta koma. Ku duba fa: zafi, duhu, rurin moto, gargadar hanya, sannan aka kwance bakin buhun a tsakar gida, yara bakwai sun kewaye suna ihu. Wallahi ba mu ma ga kamanninta ba. Wani abu toka-toka ya fito kamar kibiya, ya yi tsalle zai hau katanga ya zamo, ya faɗa bayan randa, daga nan sai ƙarƙashin gadon Inna. Tun ranar yara suka sa mata suna Ƴar Buhu.

Kwana uku ba abin da muke gani sai ido biyu suna ƙyalli cikin duhu. A nan muka tafka kuskuren da yawancinmu ke yi. Muka ce ai aiki aka kawo ta yi, ba kwanciya ba. Aka sa sanda aka zunguro ta, babban yaronmu ya cafke ta, ta yakushe masa hannu har jini. Muka ɗaura mata igiya a ƙafa muka ɗaure ta kusa da buhunan hatsi, muka ja ƙofa. Da safe muka tarar ta dunƙule a lungu tana rawar jiki, ta yi fitsari a inda take, tuwon da aka aje mata ba ta taɓa ba, sai ɓeraye ne ma suka ci rabonsu a gabanta.

Inna ce ta kwance igiyar da hannunta, kuma ba ta raga mana ba. Ta ce, "Ku da kuka yi karatu, kun manta da hadisin matar nan da aka azabtar saboda mussar da ta tsare? Wannan baƙuwa ce. Haka kuke yi wa baƙo, ku ɗaure shi ku ce ya yi muku noma?" Sai a lokacin muka dube ta da kyau. Kunnenta ɗaya a yage, tana ɗan ɗingishi da ƙafar baya. Da muka tambayi surukin namu ya ce ai a can ƙauyen a bayan shago take kwana, yara na jifanta kullum. Ashe duk abin da ta sani game da hannun ɗan Adam shi ne dutse.

Daga ranar Inna ta karɓi ragamar abin, ta kafa doka huɗu. Ta farko, ɗakin ajiya ya zama nata, ba mai shiga sai da dalili, kuma a bar tagar sama a buɗe kaɗan. Ta biyu, ba mai bin ta, ba mai ɗaukar ta, ba mai tsura mata ido. Ta uku, abinci sau biyu, bayan asuba da bayan magariba, a wuri guda, a kasko guda, ruwa kuma a ɗan nesa da abincin. Ta huɗu, a ba ta wurin ɓuya. Aka samo kwalin sabulu aka huda masa ƙofa biyu, aka shimfiɗa tsohon zanen Inna a ciki, aka ɗora shi bisa buhunan. Aka kuma zuba rairayi a tsohuwar tasa a lungu don ta riƙa biyan buƙatarta. Rairayi dai ba mu da talaucinsa a Gure.

Mu kam da farko ba mu gane hikimar ƙofa biyu ba. Inna ta ce wanda ya san yana da hanyar fita ba ya gaggawar gudu. Mai tsoro in ka toshe masa hanya, ko dai ya mutu a tsaye ko ya yi faɗa. Tagar ma abin da ya sa ta ce a bar ta ke nan. Muka ce to in ta gudu fa? Ta ce in ta gudu ba rabonmu ba ce, amma da wuya mai rai ya bar inda ake ba shi abinci ba a dukansa.

Ƙanenmu da ke karatu a jami'ar André Salifou ta Damagaram ya zo hutu a lokacin, ya shiga bincike a wayarsa yana karanta mana da dare. Ya ce masana ɗabi'ar dabbobi sun nuna cewa ɗan kyanwa yana koyon sabo da mutane ne tun yana da sati 2 zuwa sati 7 da haihuwa. Wanda ya wuce wannan lokaci bai ji hannu mai taushi ba, sabonsa yana yiwuwa amma da jinkiri, kuma ba lalle ya kai na sauran ba. Ya ce kunnen kyanwa na jin siririyar ƙara da ta ninka iyakar jin mutum kusan sau uku, shi ya sa take jin kukan ɓera a bayan buhu. To wannan kunnen ne muke buga wa turmi da ƙofar kwano da ihun yara a kai.

Ya kuma karanta mana cewa a 2014 masu bincike na jami'ar Utrecht a ƙasar Holan sun gwada a wani gidan ajiye kyanwoyi: waɗanda aka ba kwalin ɓuya sun fi saurin kwantar da hankali a kan waɗanda ba a ba su ba. A 2020 kuma wasu a jami'ar Sussex ta Ingila suka nuna cewa in mutum ya lumshe ido a hankali yana duban kyanwa, takan mayar masa da lumshewar, kuma ta fi yarda ta matso kusa da shi. Inna ta yi dariya ta ce, "Oho, sai da Turawa suka rubuta za ku yarda. Ni a wurin kakata na gani."

Abin ya tafi a hankali, har wani lokaci muka fara fid da rai. Satin farko da dare kawai take ci, sai da safe mu tarar da kasko wayam. Sati na biyu Inna ta fara zama a bakin ƙofar ɗakin bayan magariba da tasbaharta, ta juya mata gefe, ba ta kiranta ba ta dubanta. Ran nan sai ga ta ta sauko ta ci abinci Inna na zaune. Kullum Inna na ɗan jawo kaskon kusa da tabarmarta, taƙi ɗaya, ba ƙari. A sati na uku ta miƙa mata yatsa a ƙasa ta bar shi nan. Mussa ta miƙo wuya ta sunsuna, ta ja da baya, ta dawo ta goga kumatunta a jikin yatsan. Ƙanenmu ya ce a kumatun akwai wani ƙamshi da take shafa wa abin da ta amince da shi, wanda hancinmu ba ya ji. Wato ta sa wa Inna hannu a takarda ke nan.

Yaron da ta yakusa shi ya fi kowa jin haushinta, har ya rantse sai ya rama. Inna ta kira shi ta ce, "Zo nan maigidana, kai za ka koya mata farauta." Ta sa ya tsago kaba doguwa, ya ɗaura gashin zabo a bakinta, ya zauna nesa yana jan ta a ƙasa a hankali kamar ɓera na tafiya. Kwana biyu tana kallo daga bakin kwali. Rana ta uku ta daka tsalle ta danne gashin. Daga nan kullum da marece sai an yi wannan wasa na ɗan lokaci kafin a ba ta abinci, kuma a bar ta ta kama a ƙarshe, kada a yi ta yi mata rowa. Mun lura duk ranar da ta kama, tafiyarta ma sauyawa take, wutsiya a sama, ba ta jan ciki a ƙasa. Wajen kwana ashirin da biyar da zuwanta, uwargida ta buɗe ɗaki da asuba ta yi salati: ɓera ne ƙato a bakin ƙofa, an aje mata shi kamar tukuici.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya tafi daidai. Aka yi biki a maƙwabta, daka tun safe, lasifika har dare, mata na ratsowa ta gidanmu ɗibar ruwa, wani yaro baƙo ya hange ta ya wurga mata takalmi. Ta fice ta taga, kwana biyu ba labarinta. Yara har da kuka. Inna ta ce a ci gaba da aje abinci a kan lokaci, kada a taɓa kwalin. Dare na uku muka leƙa da tocila, ga ta kwance a kan zanen. A nan muka gane cewa mai tsoro ba ya daina firgita gaba ɗaya. Abin dubawa shi ne kwana nawa yake ɗauka kafin ya dawo. Da farko sati uku, ran biki kwana biyu, yanzu in moto ta yi ƙara ta ruga, kafin a gama shan shayi ta fito.

Ga wasu abubuwa da muka koya da ya kamata mai kyanwa ya sani. Kada a ba ta farasitamol ko kaɗan, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Albasa da tafarnuwa na lalata mata jini, don haka a cire mata nata tuwon ko naman kafin a zuba miya mai albasa da yawa. Kada a haɗa kyanwa da maganin ɓera a gida ɗaya, don in ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana cikin haɗari. In ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 sannan a je asibiti, musamman in ba a san daga inda ta fito ba, saboda cutar haukan kare ba kare kaɗai take kamawa ba. Mu ma mun kai yaron, daga baya kuma muka nemi ma'aikatan kiwo a kan maganar allurar rigakafinta. Sannan kyanwar da ta saba da mutane in ta fara ɓuya haka kawai ta daina ci, a yi zaton ciwo kafin a ce iskanci ne.

Akwai maganar da ta shafe mu duka. Sau nawa muke zaune a majalisa yara su wuce da danƙo suna bin mussa, mu yi dariya ko mu kau da kai? In baƙa ce ma sai a ce aljana ce ko mayya. Gobe kuma mu ne masu cewa kyanwoyin yanzu ɓarayi ne, ba sa zama gida, ba sa kama ɓera. Yaya za ta zauna? Zaman mutum da kyanwa tsohon ciniki ne. A tsibirin Kuburus an tono kabarin da ya kai shekara 9,500, mutum da kyanwa a binne kusa da juna. Masana sun ce asalinta kyanwar daji ce irin wadda har yau ake samu a dazuzzukan Afirka, kuma rumbun manoma ne ya jawo ta cikin gari, don inda hatsi yake nan ɓera yake. Mu da hatsi, ita da farce. Wanda ya jefe ta, rumbunsa ya jefa.

Yau Ƴar Buhu a bisa buhunan take kwana, kuma tun daga lokacin ba mu sake ɗinke gindin buhu ba. Har yanzu ba ta yarda a ɗauke ta, in baƙo ya yi sallama sai ta haye katanga ta zauna tana kallonsa daga sama. Mun bar ta da halinta. Amma in Inna ta shimfiɗa tabarma sai ta zo ta kwanta a gefen ƙafarta, yaron nan da ya rantse zai rama kuwa shi ke ɓoye mata kan kifi.

Watan jiya ta haihu, ƴaƴa huɗu, a cikin kwalin nan dai. Da suka buɗe ido suka fara tafiya, Inna ta sa yara su wanke hannu su riƙa ɗaukarsu a hankali kullum na ɗan lokaci, uwar na kallo. Maƙwabta uku sun riga sun yi kamu. Inna ta ce ba wanda za a ba sai sun bar nono, kuma duk mai so ya fara share ɗaki ya tanadi kwali, ya gargaɗi yaransa. Wanda ya zo da buhu, ta ce, ya koma da abinsa.

Allah ya tsare mana abincinmu, ya sa mana tausayin abin da ke ƙarƙashinmu. Mu kwana lafiya.