Filashar Liman Abaji

Tsakanin 2011 da 2014, duk yaron da ke son koyon rubuta manhaja a unguwarmu ta Liman Abaji, cikin garin Keffi, ya san shagon Yaya. Ɗan wan babana ne, amma har yaran da ba su haɗa jini da mu ba haka suke kiransa. Da rana shagon na buga takardu ne da fotokwafi da duba sakamakon WAEC da JAMB. Bayan sallar isha'i sai ya turo ƙofa ɗaya ya bar ɗaya a buɗe, wurin ya zama namu, mu 'yan kwamfuta da ke karatu a Jami'ar Jihar Nasarawa da wasu da ba su ma samu shiga ba tukuna.

Kwamfutoci biyu ne a ciki, dukansu na hannu da ya sayo a Abuja. Ɗaya tana da Windows, ta kwastomomi ce, ba mai taɓa ta da dare. Ɗayar ya sa mata Ubuntu daga wani faifai da ya zo masa ta gidan waya kyauta, a zamanin da kamfanin Canonical ke aika faifan ga duk wanda ya nema a ko'ina cikin duniya. An daina wannan rabon a 2011, shi ya sa Yaya ke ajiye nasa cikin leda a aljihun tebur tare da rasit ɗin shago.

Wanda bai taɓa wannan aiki ba zai ɗauka cewa mai rubuta manhaja yana zama ne ya rubuta komai daga kansa. Ba haka ba ne. Rabin aikin jingina ne a kan abin da wasu suka riga suka rubuta suka ɗaure cikin ƙunshi, wanda muke kira fakej. Kana son manhajarka ta karanta hoto, sai ka girka ƙunshin hoto. Kana son ta yi magana da rumbun bayanai, akwai nasa ƙunshin. Matsalar ita ce ƙunshi ba ya zuwa shi kaɗai. Kamar kai amarya ne: mutum ɗaya ka yi wa shiri, sai ga gwaggo da inna da ƙawaye, kuma in ɗaya ta maƙale a hanya ba mai shiga ɗaki. A inda intanet ke gudu, na'ura ce ke tattaro wannan gayya cikin daƙiƙu, mutum bai ma sani ba. Mu kuwa kowane ɗaya sai mun san sunansa da nauyinsa, domin kuɗinmu ne.

Mun ji labarin wayoyin Glo-1 da MainOne da suka biyo ƙarƙashin teku suka iso Legas suka fara aiki a 2010, amma daga bakin teku zuwa Keffi akwai tafiya. Abin da muke da shi ɗan modem ne mai kama da filasha, da datar da muke haɗa kuɗi mu saya. Kuma shi kansa modem ɗin ne ya fara gwada mu. Idan aka soka shi, sai Ubuntu ta gan shi a matsayin faifai, ta ƙi yarda cewa hanyar intanet ce. Maganin wani ɗan ƙunshi ne mai suna usb-modeswitch, wanda ba a samunsa sai da intanet, intanet ɗin da ba za ta zo ba sai an girka shi. Aka aike ni kafe a wajen jami'a, na sauko da shi, na hau acaɓa na dawo ina murna. Na'ura ta duba ta ce yana buƙatar ɗan'uwansa usb-modeswitch-data. Washegari na koma.

Daga nan aka kafa dokar filasha. Yaya ya nuna mana cewa duk abin da Ubuntu ta sauke tana ajiye kwafinsa a wani lungu, /var/cache/apt/archives. Ya ware filasha ɗaya, ya ɗaura mata jan zare don kada ta ɓace cikin na kwastomomi, ya ce duk wanda ya sauke wani abu, ko a shago ko a kafe ko a gidan ɗan'uwa a Mararaba, to ya zuba kwafi a ciki kafin ya kwanta. Ba a sauke abu sau biyu a Liman Abaji. Cikin 'yan watanni filashar nan ta zama rumbun unguwa. Yara daga Tudun Kofa da Angwan Rimi kan zo aro, su dawo da ita da ƙari. Wani lokaci ta dawo da cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi na ƙarya a madadinsu, sai a soka ta a Ubuntu, inda cutar ba ta da ƙarfi, a fito da komai a share dattin. A kanta muka koyi duba sunan fayil kafin ɗauka: mai i386 na tsofaffin na'urori ne, mai amd64 na sababbi, in ka haɗa su ka yi asarar dare.

Tare da filashar akwai littafi mai bango shuɗi irin na 'yan firamare. Shafin hagu saƙon kuskure, an kwafe shi harafi da harafi. Shafin dama abin da ya warkar da shi, da sunan na'urar. Hannuwa daban-daban ne a ciki, wani da biro wani da fensir.

Aikin da ya fi zaunar da ni a shagon shi ne na kammala karatu, manhajar ajiye bayanan ɗalibai, kowane da hoton fasfo ɗinsa. Da ƙunshin Django na yi, a kan Python 2.7, lokacin an riga an ɗaga na'urar zuwa Ubuntu 12.04. Hoto yana buƙatar ƙunshin PIL. Akwai shi a shirye cikin rumbun Ubuntu, amma ina aiki ne a keɓantaccen wuri na virtualenv, wanda ba ya ganin abin da ke waje, don haka dole pip, mai girka ƙunshi, ya sauko da ɗanyen rubutun ya harhaɗa shi a kan na'urarmu. Wani ɓangaren PIL da yaren C aka rubuta shi. Layuka suka yi ta gudu a baƙin allo, ɗaruruwa, sannan komai ya tsaya cak, layi na ƙarshe yana cewa gcc, mai harhaɗawa, ya gaza.

Na ce, “Yaya, gcc ɗin nan ya lalace. Ko mu sake sauke shi?”

Yana lissafin cinikin ranar, bai ɗago ba. Ya ce, “Me ya ce maka?”

“Ya ce ya gaza.”

“Wannan ai sanarwar mutuwa ce. Hau sama ka nemo ciwon.”

Na riƙa jan allon sama, ina wuce layukan da ban gane ba, har na iso inda launin magana ya fara canzawa. Layi ɗaya ne: an nemi fayil mai suna Python.h ba a same shi ba. Sai a lokacin ya ajiye biro ya jawo kujera. Ya bayyana mini cewa Python da ke gudanar da manhaja daban, takardun da mai harhaɗawa ke dubawa don ya san yadda zai ɗinka C a jikin Python daban, kuma waɗannan suna cikin wani ƙunshi, python-dev. Duk inda na ga an nemi fayil mai ƙarewa da .h an rasa, in nemi ƙunshin da sunansa ke ƙarewa da -dev. Wannan jimla ɗaya ta yi mini aiki shekaru, a na'urorin da Yaya bai taɓa gani ba.

Muka girka python-dev, PIL ya harhaɗu. Na loda hoton fasfo na farko, manhaja ta ce ba ta da abin karanta JPEG. Muka koma kan dogon rubutun, muka tarar tun a ƙarshensa ya faɗa a fili cewa ya gama ne ba tare da JPEG ba, don bai ga ɗakin karatun libjpeg ba. Muka girka libjpeg-dev, muka cire PIL, muka sake harhaɗawa. Shiru, amsa ɗaya. Wannan ya ci mana darare. Dalilin kuwa, Ubuntu ta sauya wurin ajiye irin waɗannan fayiloli zuwa wani sabon lungu mai ɗauke da sunan nau'in na'ura, /usr/lib/i386-linux-gnu, shi kuma PIL tsoho ne, yana neman su a tsohon gida. Wani yaro da bai cika magana ba ne ya buɗe fayil ɗin setup.py ya karanta jerin wuraren da yake dubawa, ya ce a yi masa alama daga tsohon wurin zuwa sabon. Aka yi. Da fuskar ɗalibin farko ta bayyana a allo, ƙaramin hoto mai jan bango, Yaya ya aika aka karɓo mana shayi da biredi a bakin titi, shi ya biya.

Wuta ma tana da nata darasin. In aka ɗauke ta ana tsakiyar girkawa, da an tayar da janareta sai na'ura ta ƙi karɓar komai, ta ce an katse dpkg, mai girka mata ƙunshi. Maganin layi ɗaya ne, dpkg --configure -a, kuma shi ne a shafin farko na littafin, an ja masa layi biyu. Bayan Janairun 2012, da litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa 141 kafin ta sauko 97, muka fara lissafa girkawa da man da ke cikin tanki. Ba a fara babban aiki sai an leƙa an gani.

Akwai wani ciwo da na fi tunawa da shi saboda ƙanƙantar maganinsa. Na'urar ta shiga wasu halaye: mai harhaɗawa yana ƙorafin cewa fayiloli sun fito daga nan gaba, shafukan da ke da tsaro suna ƙin buɗewa wai takardar shaidarsu ba ta fara aiki ba. Mun zargi komai. Ashe ɗan batirin da ke riƙe agogon na'ura ne ya mutu, mai faɗin kwabo, CR2032, duk ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma shekaru baya. Wurin mai gyaran agogo a kasuwa aka samo sabo.

Masu Windows nasu kukan daban ne, kuma kusan kullum ɗaya: an kasa samun vcvarsall.bat. Ma'anarsa Python 2.7 yana neman mai harhaɗawa na Visual Studio 2008, abin da nauyinsa ya fi ƙarfin datarmu. Wanda ya cece su wani mai bincike ne a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, Christoph Gohlke, wanda ya ɗauki nauyin harhaɗa ɗaruruwan ƙunshe-ƙunshe don Windows yana ajiyewa kyauta. Bai san da Keffi ba, amma yana da babban fayil da sunansa a filashar Yaya. Cikin masu amfani da shi akwai wata 'yar ajinmu da gidansu ba sa barin fitar dare. Sai ta kwafe saƙon kuskure a takarda da hannunta, ƙanenta ya kawo, mu mayar da amsa da filasha. Da yake sai ta rubuta kowane layi, ba ta iya tsallake ko ɗaya, sau da yawa kafin yaron ya dawo ta gano ciwon da kanta. A ganina ta fi mu duka iya karatun nan, kuma shafukan da ta ƙara a littafin sun fi na kowa tsabta.

Yajin aikin ASUU na 2013, daga Yuli har Disamba, ya mayar da shagon makaranta. A watannin ne yawancinmu muka daina tsoron baƙin allo.

Abubuwa sun yi sauƙi daga baya, kuma na gode Allah. Tsarin wheel, wanda aka amince da shi a farkon 2013, ya sa ana rarraba ƙunshi a harhaɗe, daga 2016 kuma har masu Linux suka samu. Pillow ya maye gurbin PIL, yau layi ɗaya ne ka girka shi da JPEG ɗinsa.  Python 2 kansa an sallame shi ranar 1 ga Janairun 2020. Ba na yi wa kowane yaro fatan hawa acaɓa don fayil ɗaya. Abin da nake kewa shi ne zaman: mutum huɗu a kan allo ɗaya, ɗaya yana karantawa da ƙarfi, sauran suna gardama, mai shago yana tambaya me ya ce maka. Kuma ban yarda cewa dokar filasha ta tsufa ba. A Maris ɗin 2016 wani mai rubuta manhaja ya janye ɗan ƙunshinsa left-pad, mai layi 11, daga rumbun npm, ayyuka dubbai a duniya suka kasa harhaɗuwa a yini ɗaya, har da na manyan kamfanoni. Da na kira Yaya na ba shi labari, tambayarsa ɗaya ce, ko ba su ajiye kwafi ba ne.

Shagon yanzu na POS ne da cajin waya, kwamfuta ɗaya ta rage don fotokwafi da rajista. Da na je sallar bara, ɗan yayata, wanda ya fara koyon Python, ya kawo mini kwamfutarsa. Sabuwar Ubuntu ta hana pip girka komai, tana cewa wurin yana ƙarƙashin kulawar wani, ƙa'idar da ta shigo tun 2023. An riga an ba shi wani umarni da zai karya shingen da ƙarfi, yana shirin dannawa.

Na ce, “Dakata. Karanta mini abin da ya rubuta, tun daga sama.”

Ya ce, “Kawu, ai dogo ne.”

“Muna da lokaci.”

Ya karanta. A sakin layi na biyu saƙon da kansa ya gaya masa ya buɗe keɓantaccen wuri da venv, har da yadda ake rubuta umarnin. Ya yi, Django ya girku. Sannan na nuna masa pip download, wanda ke sauke ƙunshi da duk gayyarsa ya zuba a wuri ɗaya, da yadda ake girkawa daga nan ba tare da intanet ba. Duk da an amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, su biyar ne abokan karatunsa ke sauke abu ɗaya kowa da kuɗinsa. Na ba shi filasha, na ce ya fara da abin da ya sauke ranar.