Abin Da Tsohon Dirhami Ya Koya Mini Game Da Haske

Mai tara tsoffin sulalla yana ɗaukar hotonsu ne domin wani na nesa, wanda ba zai riƙe ƙwandalar a hannunsa ba, ya iya karanta ta, ya gane asalinta, ya ce ta gaske ce ko jabu. Hoton da ya kasa wannan aiki, komai ƙyallinsa, ɓata lokaci ne. Ni da kuɗin da kakanninmu suka kashe na fara, anini da kobo mai huji, kafin sha'awa ta ja ni zuwa dirhamin Banu Umayya da kuɗin azurfa na Rumawa. Dirhamin ne malamina a sha'anin haske.

Tun gyaran da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya yi, dinari a shekara ta 77 bayan Hijira, dirhami a 79, aka daina sa hoton sarki a jikin kuɗi, sai rubutu zalla. Ko sunan halifa ba a sawa. Garin da aka buga dirhamin da shekarar suna can a zagayen gefe, an rubuta su da kalmomi cikin rubutun Kufi marar ɗigo. To a nan gizo ke saƙar. Idan babu ɗigo, bakwai da tara a Larabci kusan kamarsu ɗaya: haƙora huɗu ne a jere, bambancin kawai ina dogon haƙorin yake, a farko ko a ƙarshe. Dirhamin garin Wasit na shekara ta 97 na zamanin Sulaimanu ɗan Abdulmalik ne, na 99 kuwa na shekarar da Umaru ɗan Abdul'aziz ya hau. Tsakanin zamanin halifofi biyu ke nan, kuma abin da zai raba gardamar ɗan tudun azurfa ne da bai kai milimita ɗaya ba. Idan haske bai ba wannan tudun inuwa ba, hoto ba zai nuna shi ba.

Shi ya sa na sallami fitilar waya tun da wuri. Haskenta yana dukan azurfa gaba da gaba, ya dawo cikin kyamara, sai ka ga farin faifai babu harafi ko ɗaya. Hasken da ke karanta rubutu shi ne wanda ya zo daga gefe, ƙasa-ƙasa, yana shafar fuskar ƙwandalar. Nakan ajiye tebur kusa da taga da hantsi, in rataya farin yadi marar kauri don ya tausasa rana. Lokacin hunturu ma ba na buƙatar yadin, hazo ya gama mini aikin. Sai dai ƙura, wadda a hoton kusa kowace ƙwaya takan fito ɓaro-ɓaro, don haka sai na hure ta da ɗan famfon roba kafin kowane ɗauka. Wata matsalar dirhami ita ce siriri ne, nauyinsa bai cika giram 3 ba, kuma da wuya ka sami wanda bai ɗan lanƙwashe ba. Gefe ɗaya ya karantu, ɗayan ya yi walƙiya. Maganin shi ne a bar haske da kyamara inda suke, a riƙa juya ƙwandalar kaɗan-kaɗan, ana ɗauka. Ba abin kunya ba ne a tura wa masani hoto uku na fuska ɗaya. Masu kayan aiki sukan sa gilashi a karkace, kusurwar digiri 45, tsakanin kyamara da ƙwandala, haske ya sauko tsaye. Yana kyau ga ƙwandala mai sheƙi, amma ni ban ga ya fi taga ba wajen tsohon rubutu.

Kuɗin Rumawa lamarinsu daban ne, domin kan sarki ke jikinsu, kuma zanen yana da tudu sosai. Galibi sarkin yana duban dama. Ka sa haske ya zo daga gabansa, ɗan sama kaɗan, hanci da ido da gemu su fito. In ka haska daga ƙeya, Sarki Hadiriyan mai gemu zai koma baƙin dunƙule.

Akwai abin da nake jin zafinsa: goge ƙwandala don ta yi kyau a hoto. Na sha ganin wanda ya gaji tsoffin kuɗi ya dirje su da toka da lemun tsami, yana ganin gyara ya yi. Wannan duhun da ke kan azurfa, da koren da ya zauna daram a kan tagulla, shekaru ne suka gina su, su ne ke sa harafi ya bambanta da fili, kuma masu saye suna rage kuɗi sosai in an kankare su. Koren da ake tsoro shi ne mai gari-gari, wanda ke cin tagulla. Shi ma a ɗauki hotonsa tukun, a nuna wa wanda ya sani. Haka gyara a kwamfuta. Daidaita launi ya koma yadda ido ke gani halal ne. Share tsagewa ko huji kuwa algus ne, ko da ba sayarwa za ka yi ba.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ɗora wayar a kan tarin littattafai, ka sa ta ƙirga daƙiƙa uku kafin ta ɗauka, don hannu na rawa. Shimfiɗa baƙin ƙyalle ko mai ruwan toka. Ajiye rula a gefe, ka rubuta nauyi: dinarin Banu Umayya kusan giram 4.25 ne, wanda ya gaza da yawa abin tuhuma ne. Riƙe ƙwandala ta bakinta kawai, kuma ka ɗauki hoton bakin nan. Tsoffin kuɗin nan da guduma aka buga su, jabun kuwa sau da yawa zubi ne, yakan bar siririn layi a baki da ƙananan ramuka a fuska.

Mai karatu, in akwai tsoffin sulalla a adakar gidanku, kada ka wanke su. Kai su bakin taga, ka ɗauki gaba da baya da baki, ka rubuta daga hannun wa suka fito tun masu labarin suna raye.