Madubin Hangen Nesa: Kuɗin Da Na Kashe Don In Iya Cewa "Kar A Harba"

 

Duk wanda ya ji cewa na zuba kuɗin da ya isa sayen babur na hannu a kan madubin hangen nesa guda ɗaya, tambayar da yake fara yi mini ita ce: "Kilomita nawa yake hangowa?" Amsar da nake bayarwa ba ta cika yi wa mutane daɗi ba. Tsohon madubina sau 10 yake jawo abu kusa, sabon kuwa sau 8 kawai. Wato na ƙara kuɗi na rage ƙarfi. Dalilin da ya sa na yi haka shi nake so in bayyana yau, domin na san akwai maharba da masu aikin gandun daji a cikinmu da ke tunanin canza nasu.

Bari in fara da inda nake aiki, saboda wurin shi ya zaɓa mini madubin. A arewacin Kamaru, kudu da Garwa, akwai manyan gandun daji uku: Binuwai da Buba Njida, waɗanda suka zama gandun ƙasa a 1968, sai Faro da ya biyo baya a 1980. Cikin gandun ba a farauta. Amma a kewayensu gwamnati ta yanka yankuna tana ba da su haya ga masu lasisi, su kuma su kawo baƙi daga Turai da Amurka su yi farauta a lokacin rani, daga Disamba zuwa ƙarshen zafi. A ɗaya daga cikin waɗannan yankuna nake aikin bin sawu. Ni ba na riƙe bindiga. Aikina in bi dabba har mu cim mata, in duba, in gaya wa jagora abin da na gani, shi kuma ya ba baƙo izini ko ya hana shi.

Abin da ya fi kawo baƙin nan shi ne dabbar da Fulani ke kira yamusa, babban yayan su gwanki da kanki, wanda namijinsa yakan kusa tan ɗaya. Bayan shi sai ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mariya da mazo. A nan wahalar take. Gwambaza da mariya da mazo, namiji kaɗai ke da ƙaho, ko yaro zai bambance. Amma yamusa da ɓauna da gwanki da kanki, mace da namiji duk da ƙahonsu. A ƙa'idar da muke aiki da ita, tsohon namiji ake nema. Macen da aka harba biyu ake lissafa ta, kuma dabbar da aka ji wa rauni ta tsere, an riga an rubuta ta a kan lasisin baƙo. Ban da tara da abin kunya, mace ɗaya da ta faɗi ta tafi da 'ya'yan da za ta haifa shekaru masu zuwa, ga kuma hakkin dabba da mutum zai ɗauka. Idan garke ya ƙare, aikinmu ya ƙare.

Don haka abin da nake buƙata daga madubi ɗaya ne: ya nuna mini kaurin gindin ƙaho, da ƙasan ciki, da launin wuya, cikin daƙiƙa biyar ko goma, a inuwar itatuwan doka, da sanyin safiya, ga hazon hunturu ya rufe daji.

Tsohon madubin wani baƙo ne ya bar mini shi kyauta a 2013, Allah Ya saka masa. Ɗan ƙarami ne, mai shiga aljihu, an rubuta 10x25 a jikinsa. Ya yi mini aiki shekara tara. Da rana tsaka ba shi da laifi. Amma dabbobin nan ba da rana tsaka suke yawo ba. Da asuba suke kiwo, sai kuma dab da magariba, kuma a daidai waɗannan lokutan ne madubin ke zama kamar kana leƙen rijiya.

Lissafin abin ba shi da wuya. Lamba ta farko ita ce yawan jawowa, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba a milimita. Idan ka raba ta biyu da ta farko, za ka sami faɗin hasken da ke fitowa ya shiga idonka. 25 a raba da 10 ya ba da milimita 2.5. 42 a raba da 8 ya ba da 5.25. Ƙwayar idon mutum da rana takan tsuke zuwa milimita 2 ko 3, shi ya sa ƙaramin madubi ke isa. Idan haske ya ragu sai ta buɗe, ta matashi har kusan 7, ta wanda ya manyanta kusan 5. To ka ga ido ya buɗe ƙofa yana jiran haske, madubi kuma yana ba shi ta kafar allura.

Me ya sa ban ɗauki 10x42 ba, wanda yawancin baƙinmu ke zuwa da shi? Waɗanda ke farauta a duwatsun Kolorado da Wayomin a Amurka suna zama a kan tudu su yi awanni suna leƙen wani tudun, har sukan ɗora mai jawowa sau 12 ko 15 a kan ƙafa uku. Su nisa ne matsalarsu. Mu kuwa a dajin doka da wuya ka ga dabba a sarari fiye da mita 200, sau da yawa ma rabin jikinta kawai za ka gani tsakanin kututture biyu. Mai sau 8 ya fi faɗin gani: a nisan mita 1,000 yakan nuna maka fili kusan mita 130 zuwa 140, mai sau 10 kuwa kusan 110. Wannan bambancin shi ne ka ga dabbar da kake so tare da wadda ke tsaye a bayanta. Sannan duk abin da madubi ya jawo, har rawar hannunka yake jawowa. Wanda ya yi tafiyar awa biyar yana bin sawun yamusa, ga ƙishi ga cizon tsando, hannunsa ba zai tsaya cak ba.

Sauran kuɗin kuma a kan abin da ido ba ya gani yake tafiya. Gilashi tsirara, duk fuskar da haske ya ratsa sai ya yi asarar kusan kashi 4 cikin 100, kuma a cikin madubi ɗaya akwai irin waɗannan fuskoki goma ko fiye. A 1935 wani masani a kamfanin Zeiss na Jamus, Alexander Smakula, ya samo hanyar shafa wa gilashi wani siririn rufi da ke rage wannan asarar. Yau masu kyau suna wuce da fiye da kashi 90 na hasken da ya shiga. Akwai kuma irin gilashin da ake rubuta wa ED, wanda ke rage jan layi ko shuɗin layin da kan bayyana a gefen abu. Wannan layin ba ƙaramin abu ba ne ga mai duba ƙaho, domin yana iya ƙara wa siririn ƙaho kaurin da ba nasa ba. Sai kuma a rufe madubin ruf, a cika shi da iskar naitirojin, yadda ƙura da raɓa ba za su shiga ba.

Na Swarovski da Zeiss da Leica, manyan cikinsu sun haura sefa miliyan ɗaya, wannan ba layina ba ne. Na tsaka-tsaki na nema. Na tara kyautar da baƙi ke ba mu a ƙarshen farauta har kaka biyu, ta kai sefa dubu 290, wani abokin aiki ya taho mini da shi daga Faransa a 2022. Ranar da na gaya wa uwargida, shiru ta yi, sannan ta ce, "Maigida, kwanon ɗakin nan fa? Damina ba ta jiran kowa." Gaskiya ta faɗa. Na ce mata da wannan idon nake ciyar da gidan, idan jagora ya daina yarda da abin da na gani, akwai samari goma da ke jiran gurbina. Ta ce Allah Ya sa albarka, amma ba da sakin fuska ba. Daminar nan da roba muka tare yoyo.

A watan Fabrairun da ya biyo baya, wata safiya rana ba ta gama fitowa ba, muka tarar da garken gwanki a bakin wani busasshen rafi, sun fito cin sabon tsiron da ya biyo ƙuna. Ɗaya ya ware daga baya, babba, ƙahonsa dogo ya lanƙwasa. Tsayuwarsa ta namiji ce sak. Baƙo ya ɗora bindiga a kan sanduna. Jagora yana gefensa da nasa madubin, amma wani kututture ya tare masa ƙasan cikin dabbar. Ni ina taku goma hagu da su. Da na ɗaga madubi sai na ga gindin ƙahon siriri ne, na sauko ƙasa na ga hantsa. Na ƙara dubawa, can cikin ciyawar da wuta ta tsallake, ga kunnuwa biyu na ɗan maraƙi yana kwance. Na ɗaga hannu na ce, "Mace ce, da ɗanta." Jagora ya matso inda nake, ya duba, ya dafa kafaɗar baƙo. Baƙon bai ji daɗi ba, domin kwanansa shida yana nema. Sai da muka ƙara kwana uku kafin ya sami tsohon namiji mai goggen ƙaho, wanda ya riga ya bar garke. A irin wannan hasken, da 10x25 inuwa kawai zan gani.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Makiyaya na ratsa yankunan nan da shanunsu, masu haƙar zinariya ma haka. Jan abu yana motsi cikin ciyawa, yana iya zama ɓauna, yana iya zama saniya, bayanta kuma da yaro riƙe da sanda. Shi ya sa nake roƙon duk mai bindiga mai madubi a kai: kada ka leƙa abin da ba ka tantance ba da madubin bindiga. Duk abin da ka leƙa da shi, bakin bindiga ka nuna masa.

Kada kuma wani ya ɗauka madubi ya mayar da ni gwani. Dattijon da ya koya mini sawu, ranar da ya fara ganinsa a ƙirjina, juya shi ya yi a hannu ya ce, "Ɗana, wannan ƙarfen naka yana jin wari?" Na ce, "Ba ya ji, Baba." Ya ce, "Yana bambance kashin jiya da na yau?" Na ce a'a. Ya miƙo mini ya ce, "To riƙe abinka, ka biyo ni." Shi ke duba reshen dokar da yamusa ya karya da ƙaho, ya taɓa ruwan itacen, ya ce sun wuce bayan sallar asuba. Madubi ba ya kai ka wurin dabba. Sai ƙafa da sani sun kai ka, sannan ya yi nasa aikin na daƙiƙa goma. Amma yanzu idan mun cim ma garke, Baba da kansa yake miƙo hannu ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "Kawo idon nan naka."

Ga wanda ke shirin saye, ga abin da zan ba shi. Ka guji na kasuwa masu jan gilashi da manyan lambobi a jiki, irin 60x60, lambobin ado ne, kuma araha ba ta ado. Kada ka gwada madubi da azahar, kowane madubi gwani ne a lokacin. Ka nemi mai shi ya bari ka leƙa da shi dab da magariba, ka duba ƙarƙashin mota ko cikin inuwar bishiya. Ka riƙe shi nesa da fuskarka ka kalli ɗigon hasken da ke gilashin ido: ya zama zagayayye fes, idan ya yi kusurwa huɗu da duhu a gefe, gilashin ciki na baya ne. Ka leƙa wayar lantarki a sararin sama ka ga ko launi zai fito a gefenta. Ka yi minti biyar kana kallo ba saukewa. Idan ka ji idonka na ja ko kanka ya fara sarawa, bututun biyu ba su daidaita ba, ka ajiye ko nawa aka rage maka. Mai sa tabarau ya tabbatar yana ganin fili duka ba tare da ya cire shi ba.

Idan ka saya, ka saita shi da idonka: rufe gilashin dama, ka gyara na hagu da abin murzawa na tsakiya, sannan ka rufe na hagu ka gyara na dama da zoben da ke jikinsa. Ka sa masa igiyar kafaɗa maimakon ta wuya, domin gram 700 a wuya tun asuba har la'asar kaya ne. Kuma don Allah kada ka goge shi da bakin riga ko rawani. Ƙurar hunturu yashi ce. Ka fara hure ta, sannan ka goge da ƙyallensa.

In kuwa kuɗinka bai kai ba, ka riƙe wanda kake da shi, ka ƙara matsawa kusa, ka ƙara haƙuri. Abin da ba ka tantance ba, ka bar shi ya tafi. Dabbar da ta tsira yau tana nan gobe, harsashin da ya fita kuwa ba ya dawowa.

Maharban Yankari da kewaye, da 'yan uwa na Chadi da Nijar, ina so in ji irin wanda kuke riƙewa da yadda yake yi muku a naku dajin. Allah Ya tsare mu da abin da za mu yi nadama, Ya ba mu halal ɗinmu cikin sauƙi. Wassalam.